Surukina Zai Sayar Mini da Lexus Mai Batir, Ina Jin Nauyin In Ce a Duba Ta

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Ni ma'aikaci ne a Kano, shekaruna 43, mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Gidana yana can bayan Rijiyar Zaki, wurin aikina Bompai, ga kai yara makaranta da ɗauko su, don haka a wata nakan ci kilomita 1,500 ko kusa da haka, galibi a cikin gari. Camry ce ta 2008 mai silinda huɗu a hannuna. Tun da aka cire tallafin mai, fetur yake cinye abin da ya kamata ya shiga tukunya.

Kwanan nan aka raba mana gado, na karɓi rabona. Yayan matata dillalin motoci ne, ya kira ni in zo in ga wata Lexus ES 300h ƙirar 2014, 'yar Amurka, irin mai haɗa fetur da batir. Malam, na shiga motar nan ban ji ƙarar komai ba, sai sanyin esi. Raina ya biya. Ya ce saboda ni ne zai bar mini ita a yadda ya sauke ta, in ba da kashi biyu cikin uku, sauran in riƙa biya a hankali. A gefe guda kuma wani abokin aikina yana neman rabuwa da Mercedes S400 Hybrid ƙirar 2010, kuɗinta bai kai na Lexus ɗin ba, ga shi ta fi cika ido.

Damuwata uku ce. Bakanikena na shekara da shekaru ya ce kada in kuskura, motar batir ba ta ƙasar zafi ba ce, ranar da ta tsaya sai janwe. Uwargida ta ce a fara yi wa ginin da muke yi rufi kafin damina. Ta ukun ita ta fi ci mini rai: ina jin nauyin in ce wa surukina zan kawo wanda zai sa wa motar kwamfuta, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Me kake gani?

Naka, wani ɗan uwa daga Kano.

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan wanda ya bari, ya sa albarka a abin da aka raba.

Bari mu fara sallamar Mercedes ɗin, don ba za ta ci mana lokaci ba. Ka ce kuɗin mai ne yake korar ka daga Camry. To S400 Hybrid ba ta zo duniya don ta rage wa kowa kuɗin mai ba. Injinta V6 ne mai lita 3.5, aka maƙala ɗan ƙaramin injin lantarki mai ƙarfin doki 20 tsakaninsa da giya, yana ɗan tallafa masa wajen tashi. Ba ta tafiya da lantarki zalla ko taku ɗaya. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, da ƙyar lita ɗaya take kai ta kilomita 9, wato Camry ɗin da kake kuka da ita ta fi ta tsimi. Kuma wannan ɗan injin lantarkin shi yake tayar da babban. Ranar da batirin lithium ɗin da ke gabanta ya mutu, ko na'urar da ke sarrafa wutarsa ta ƙone, motar ko tari ba za ta yi ba. Ga ƙafafun iska da take tsaye a kansu, in suka fara yoyo sai ka wayi gari ka tarar ta durƙusa a ƙofar gida. Abokin aikinka bai karya farashi don tsabar ƙaunarka ba. Araha ba ta ado. Ka yi masa addu'ar samun mai saye, ka wuce.

Lexus ɗin maganarta daban ce, kuma a nan ba na tare da bakanikenka ɗari bisa ɗari. ES 300h ta fara fitowa ne da ƙirar 2013. In ka cire fata da katakon ado da abin da aka cusa mata don kashe ƙara, kayan cikinta na Camry Hybrid ne da Avalon Hybrid na waɗancan shekarun: inji mai silinda huɗu lita 2.5, da injunan lantarki biyu, jimillar ƙarfin doki 200. Toyota tana kan wannan fasaha tun Prius ta farko a 1997, kuma 'yan tasi a manyan biranen duniya sun daɗe suna gana mata azaba tana jurewa. Wasu abubuwan da suka saba kai ka gareji ma babu su a jikinta. Ba kik, ba altaneta, ba bel a gaban inji. Giyarta ba irin mai faranti-faranti ba ce, 'yan haƙora ne kaɗan da ba kasafai suke ba da matsala ba. Takalmin birki yana daɗewa, saboda yawancin tsayawar injin lantarki ne yake yin ta, yana mayar da ƙarfin cikin batir. Irin tuƙinka kuma, tsaya-tafi daga Kabuga har Bompai, nan ne take nuna bajintarta: a danja inji ya mutu, esi yana ta aikinsa da batir. Da cewa ka yi kullum kana kan titin Kaduna kana zuba 120, da na ce ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Inda bakaniken ya yi gaskiya shi ne maganar zafi, kuma a nan zan daɗe. Babban batirin yana bayan kujerar baya, ta cikin but. Ƙananan ƙwayoyi ne irin na nikel guda 204, an ɗaure su shida-shida a sanduna 34, an jera su kamar yankan burodi, gaba ɗaya suna ba da wuta kusan bolt 245. Iska ce take sanyaya su: wata fanka tana zuƙo iskar cikin mota ta wata 'yar kafa da ke wajen kujerar baya tana hura musu. To ka lissafa. Iskar cikin motar da ta wuni a rana a watan Afrilu a Kano, lokacin da waje ma ya haura digiri 40. Ƙurar hunturu ta wata da watanni. Ledar biskit ɗin yara, mayafin da aka jefa a kujera ya toshe kafar. Fanka ta cushe, batir yana dahuwa a hankali, mai mota bai sani ba sai ranar da aka rubuto masa Check Hybrid System a dashbod. Zafi ba ya kashe batirin nan rana ɗaya, kwana yake rage masa.

Kuma shekaru sun fi kilomita cin sa. Motar 2014 ta haura shekara 10. Garantin da kamfanin ya ba batirin a Amurka a wancan lokacin shekara 8 ne ko mil 100,000. Ya ƙare, ko da bai ƙare ba kuwa ba ya tsallako teku. Kada ƙarancin mil ya ruɗe ka, batirin motar da ake hawa kullum ya fi na wadda aka jingine lafiya. Tuna hanyar da motar nan ta biyo: zama a filin gwanjo, zama a jirgin ruwa, zama a tashar Legas ana jiran takardu, sannan zama a filin dillali rana tana dukanta. Irin wannan batirin in yana zaune cajinsa zuba yake yi, kuma sandunan ba daidai suke zubarwa ba, wata ta fi wata. Daga nan ciwo yake farawa. Saboda haka tun kafin a zo maganar kwamfuta, ka tambayi surukinka wata nawa ta yi a ajiye, kuma ana tayar da ita a bar ta ta ɗan yi aiki ko kuwa goge ƙura kawai ake yi. Kaso mai tsoka na kuɗin da za ka miƙa, sauran kwanan batirin nan kake saye da shi, ido kuwa ba ya ganinsu.

Sa kwamfuta iri biyu ne. Akwai na yaron da zai soka 'yar na'ura ya ce maka “babu kod, Alhaji, lafiya lau take.” Wannan bai gaya maka komai ba. Kod shi ne lambar matsalar da kwamfutar mota take ajiyewa, goge shi aikin minti ɗaya ne, kuma P0A80, kod ɗin da yake cewa a canja batir, yakan iya yin kwanaki kafin ya dawo. Wanda kake nema shi ne mai Techstream, manhajar Toyota, ko aƙalla mai manhajar waya irin Dr. Prius da ɗan abin sokawarta, wanda zai buɗe maka wutar kowane kashi na batirin ana cikin tafiya. Motar tana karanta sandunan bibbiyu, kashi 17 ke nan. In batir yana da lafiya, lambobin nan 17 tare suke hawa tare suke sauka, bambancinsu ɗan kaɗan ne. In aka taka mota da ƙarfi ka ga ɗaya ya zube ƙasa da 'yan uwansa da bolt guda ko fiye, to ƙwaya ta mutu a ciki, tunda kowace ƙwaya bolt 1.2 ce. Ya duba maka zafin batirin. Ya kuma duba tazarar da motar ta yi tun gogewar kod ta ƙarshe, domin tana riƙe da wannan lissafin. In ka ga kilomita 5 ko 10, ka san jiya-jiyan nan aka share mata hawaye.

Tuƙin gwaji kuma ba zagaya layi ba ne. Awa guda, da rana tsaka, esi a kunne, rediyo a kashe. Ka sa ido a zanen batir da ke allo. In ya cika fal cikin minti biyu-uku, ya kuma zube zuwa sanda biyu cikin wasu 'yan mintunan, ya tsufa, abin da yake iya riƙewa kaɗan ne. Ka saurari bayanka, in fanka tana ta gurnani ba ta sassautawa, batir yana zafi. In kun tsaya a danja inji ya ƙi mutuwa alhali ya gama ɗumi, akwai dalili. Ka kasa kunne gaba ma. Akwai famfon birki na lantarki da yake ɗan yin zuuu jefi-jefi, wannan al'adarsa ce. In kuwa yana yi bayan kowane 'yan daƙiƙu ba a taɓa birki ba, yoyo yake yi ta ciki, kuma yana cikin kayan da suka fi tsada a motar.

Daga nan a buɗe but, a yaye labulen, a kalli akwatin batirin. Notin da ya sha sufana, rubutun alƙalamin maka a jikin sanduna, lambobin da ba sa bin juna, duk alama ce an taɓa shiga. Gyaran da ya fi yawa a kasuwa shi ne a zare sandar da ta mutu a cusa wata daga wani tsohon batir. Mota ta tashi, fitila ta mutu, a kai fili. Amma sauran 33 ɗin sa'o'in mamaciyar ne, tare aka ƙera su, zafi ɗaya suka sha. Bayan 'yan watanni wata ta bi, ka koma, a sake zarewa, haka za ka yi ta yi. Ban ce kada a yi irin wannan gyaran sam ba, yana fid da mutum kunya na ɗan lokaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar maka da shi a kuɗin batir mai lafiya. Wannan buɗewar kuwa aikin wanda ya iya ne. Duk wayar da ka gani ruwan goro a motar nan, wutar cikinta tana kisa.

Bayan batir sai ruwa. Da yawa daga motocin Amurka da ke shigowa daga gwanjon motocin inshora suke, a filayen gwanjo irin su Copart da IAA, wato motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta ci. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, Ian ta 2022 ta yi nata a Florida, har da ruwan gishiri. Motar da aka buga wa gefe aka gyara da kyau, ba ni da ja. Motar lantarki da ta sha ruwa kuwa, ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunani, don tsatsa a hankali take cin soket-soket ɗinta, yau gilas ya ƙi sauka, gobe birki ya kunna fitila. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana ƙasan gilas ɗin gaba ta wajen direba. Ka kwafe ta, ka biya a ciro maka rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck. Ka kuma rubuta lambar kawai a Google, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna fitowa, har da mil ɗin da ke jikinta a ranar. In a hoto 160,000 ne yau kuma tana nuna 85,000, ka samu amsar tambayar da ba ka ma yi ba. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ramin safaya taya, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka nemi tabon laka, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa. Ni dai turaren da ya yi yawa a motar sayarwa ba ya burge ni. A leƙa ƙasa kuma a tabbatar indomin salansa, wato abin tace hayaƙi, yana nan, ɓarayi sun fi son na irin waɗannan motoci.

Takardun kwastan ba sai na ja ba. A farkon 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, 'yan Kwatano da yawa kuma sun ci gaba da shigowa ta bayan gida da takardun bogi. Ka ga takardar diyuti da idonka, lambar shasin da ke kanta ta zo daidai da ta motar, a kai ofishin kwastan a tantance kafin ka biya.

Mu koma kan bakanike. Da ya ce maka motar batir ba ta ƙasar zafi ba ce, rabin maganar a kan motar ne, rabi a kan kansa. Bai iya ta ba, kuma ya kyauta da ya hana ka maimakon ya karɓa ya koyi aiki a kan taka. A ganina hannun da bai iya ba ya fi rana kashe motocin nan a ƙasarmu. Ɗauki esi. Kwamfuresarta da wutar babban batir take aiki, injin lantarkinta yana jiƙe a cikin wani mai na musamman, ND-11, wanda wuta ba ta bin sa. Mai esin bakin titi ya kawo tiyon da ya saba, ya zuba man da yake zuba wa kowace mota, sai wuta ta fara zurarewa zuwa bodi, kwamfutar motar ta ji, ta ƙi tashi gaba ɗaya. Daga zuwa ƙara gas an koma wanke bututu da neman kwamfuresa. Ɗauki ruwan sanyi. Kashi biyu ne da ita, na inji da na inbata, wato akwatin da ke sarrafa wutar batir, kowanne da tulunsa, kuma mai ruwan hoda na Toyota suke sha. Al'adarmu ta fasa ledar fiya wata a lagireto ba ta karɓe ta ba. Haka cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasar zafi: injin da bai yi ɗumi ba kwamfuta ba za ta bar shi ya huta ba, sai ya yi ta ci, tsimin da ka sayi motar dominsa ya bi iska. Baƙin mai 0W-20 aka rubuta mata, mai ruwa-ruwa, don injin yana mutuwa yana tashi sau ba adadi a tafiya ɗaya, mai kaurin nan na cikin durom ba nata ba ne. Ba a tura ta ta tashi. Ba a jan ta da igiya tayoyin gaba suna ƙasa. Ƙaramin batirinta na bolt 12 kwamfuta kawai yake tayarwa, kada a yi wa maƙwabci jam da shi. Kuma kada ka bari mai ya ƙare ƙarƙaf ka ce bari in lallaɓa da lantarki zuwa gidan mai. In babban batir ya sauka ƙasa da inda zai iya murza inji, cajinsa sai da na'ura ta musamman.

Don haka mai gyara za ka fara nema, sannan mota. In ka ga mai Camry Hybrid ko Prius a gidan mai ko a masallacin Juma'a, ka yi masa sallama ka tambaye shi wa yake taɓa masa, kuma shekara nawa. Ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da ƙafarka ka tambayi kuɗin abu uku: batir sukutum, famfon birki, da inbata. Ka nemi a gaya maka na Camry Hybrid da Avalon na shekarun ma, don kaya da yawa suna shiga juna, sunan Lexus kuma yana ƙara wa kaya kuɗi a bakin mai shago. In sai an aika kasuwar Ladipo ta Legas ko Apo ta Abuja, kwana nawa ake yi, kuma wa zai ɗauki asara in aka kawo mara kyau? A Amurka sabon batir daga kamfani dubban daloli ne, tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuwa ka san abin da wannan yake nufi. In ka gama yawon nan ba ka samu mutum ɗaya da hankalinka ya kwanta da shi ba, bakanikenka ya ci gari, ka haƙura da motar.

Yanzu abin da ka ce ya fi ci maka rai. Na san nauyin yayan mata, ba ƙaninta ba ne da za ka ja da wasa ka ce ya buɗe maka but. Amma ka auna kunya biyu. Ta yau ta minti goma ce. Ta gobe kuwa, in motar ta tsaya bayan wata huɗu, kuna haɗuwa a wajen suna da ɗaurin aure kowa yana kau da kai, yana bin ka sauran kuɗi kana bin sa bayani, uwargida tana tsakiya ta rasa wanda za ta ba haƙuri. Kuma ta yiwu shi kansa bai san halin da batirin yake ciki ba. Dillalai da yawa a hoto suke saye, abin da suke dubawa bodi ne da fenti da sanyin esi. Abin da shi ma ba ya iya gani za a duba, ina zargi a nan? Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban yaransa na fili ba, ka ce: “Yaya, motar nan ta kwanta mini. Sai dai an ce irin waɗannan sai an auna batirinsu da kwamfuta, ko a kamfani mutum ya saya. Ina so in kawo mai aunawa mu gani tare, don kada gobe wani abu ya taso in rasa yadda zan tunkare ka.” Dillalin da ya yarda da kayansa bismillah zai ce. In ya ɓata rai, ka ba shi haƙuri, ka ce uwargida ta matsa a yi rufi tukuna, ka janye. Ba ƙarya ka yi ba, kuma ƙanwarsa ce, ya san ta.

Addini ma ya ba ka mafita. Ciniki da sharaɗin zaɓi ya halatta, malamanmu na Malikiyya har kwana uku suka ambata ga dabba, a gwada ta kafin ciniki ya faɗa. Ka nemi kwana uku da motar a hannunka ka yi zirga-zirgarka ta kullum, kod ɗin da aka goge a irin haka yake dawowa. Sauran kuɗin da za ka biya a hankali kuwa bashi ne, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, ba ta ware suruki ba. A rubuta nawa ne, yaushe za a biya, a sa shaidu, a kuma rubuta wa zai ɗauki nauyin batir in ya mutu a wata ukun farko. “A yadda na sauke ta” magana ce mai daɗin ji, amma ka zagaya filaye biyu-uku ka ji kuɗin irinta, don ka san girman alherin da za ka yi godiya a kai.

Uwargida kuma, bari mu yi mata lissafi. A ma'aunin Amurkan nan, ES 300h tana cin kilomita 17 da lita ɗaya, Camry ɗinka 10 da ɗoriya tana sabuwa. A titunanmu da esi a kunne babu wadda za ta kai haka, amma tazarar tana nan. A kilomita 1,500 Camry za ta sha lita 150 ko kusa, Lexus wajen 90. Rarar lita 60 ke nan a wata, 720 a shekara. Ka ninka da kuɗin lita na yau. In mun ɗauka naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 720,000 ne a shekara. Kuɗi ne, ba wasa ba. Amma ka ajiye shi kusa da miliyoyin da za ka cika bayan ka sayar da Camry, ka ga shekara nawa za a yi kafin mai ya biya maka motar, ka kuma tuna a cikin shekarun akwai batir guda da za ka saya ko ba jima ko ba daɗe. Tsimin mai shi kaɗai bai isa hujjar sayen Lexus ba. Son motar kake yi, kuma ba laifi ba ne magidanci ɗan shekara 43 da ya yi wa iyali wahala ya so shiga mota mai shiru. Ka faɗa mata haka ƙarara, ya fi ka riƙa fakewa da fetur, don ita ma ta iya lissafi.

A maganar rufi kuwa ita ce da gaskiya. Ginin da damina ta tarar a buɗe ruwa yake sha, kuɗin kwano da katako kuma ba jiran ka suke yi ba, mota kuwa in wannan ta tafi wata tana kan teku. A cire kuɗin rufi tukuna. A cire kuɗin batir guda, a yadda aka gaya maka a Ƙofar Ruwa, a ajiye inda hannu ba ya kai. Abin da ya rage shi ne kuɗin motarka. In ya kai Lexus ɗin, ta kuma ci jarrabawar kwamfuta da ta lambar shasi, ka saya. A cikin motocin alfarma masu batir na waɗancan shekarun, ita na fi yarda da ita nesa ba kusa ba, har a kan 'yan gidansu GS 450h da LS 600h, waɗanda ƙarfi aka yi su dominsa kuma kayansu sun fi wuyar samu. In bai kai ba, kada ka ci bashi don tambarin gaban mota. Camry Hybrid tsiminsu kusan ɗaya, Avalon Hybrid kuwa a kan ƙashi ɗaya aka gina ta da ES ɗin, har faɗin kujerar baya.

Ka dai shiga da idonka a buɗe kan wasu ƙananan abubuwa. But ɗinta ya fi na ES 350 ƙanƙanta don batir ya ci wuri, ga 'ya'ya biyar, ranar tafiya gida da Sallah za ka tuna da maganar nan. Gajera ce, in layinku yana tara ruwa da damina ba motar kutsawa ba ce. Ranar sayarwa kuma masu sayen ba su kai na mai fetur zalla yawa ba, don irin tsoron bakanikenka yana zukatan mutane da dama.

In Allah ya ƙaddara ta zama taka, a satin farko a kwance fankar batir a wanke ta, a juye baƙin mai, a canja ruwan sanyin inji da na inbata, a canja man giya da irin nata, ATF WS. Daga nan a riƙa duba fankar bayan kowane hunturu. Ka sama mata inuwa a wurin aiki, in kuwa ta wuni a rana ka sauke gilas zafin ya fita kafin ka tashi. In za ka yi doguwar tafiya ka bar ta, ka sa wani ya riƙa kunna ta duk sati biyu, giya a fakin, ya bar ta rabin awa. Yara kuma ka nuna musu kafar iskar da yatsa, ka ce jakar makaranta ba ta zama a nan. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.